Tsoron sauyawar jiki a wasan labari na tebur

Matasan Katsina masu buga wasan labari na tebur, irin su Dungeons & Dragons na 1974, inda mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa ke wakiltar jarumi ɗaya a cikinsa, sun tattauna yadda mai jan labari zai tsorata mutane da lalacewar jiki ba tare da ya kore su ba.

Yawancinsu sun ce a bi a sannu. Misali, jarumin da ɗan wasa ke wakilta ya wayi gari farcensa ya yi baƙi. Zama biyu gaba, ya ji abu na motsi ƙarƙashin fatar ƙafarsa kamar kurkunu. Jini da hanji tun farko ƙyama kawai suke jawowa. Wani ya kawo misalin wasan Call of Cthulhu na 1981, inda ganin abin firgita ke rage makin da ke auna hankalin jarumi.

An fi daɗewa kan yarda. A tambayi kowa tukuna abin da ya yarda a kawo a labarin, a ajiye kati mai alamar X, wanda ya taɓa shi a sauya zance ba tambaya. Nan na fi karkata, don wani na jinyar mahaifiyarsa a gida. Kuma kada a mai da kuturta ko nakasa siffar dodo. Masu fama da su maƙwabtanmu ne.