Haƙoran zarto a fiffiken jirgi: in sayi RTX ko in canza allo?

ƊanBagalam: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Kwamfutata tana da katin hoto GTX 1650 mai 4 GB, allo 1080p, ina tuƙa ƙaramin jirgi Cessna 172 mai G1000 (allon na'urorin gaban matuƙi) a wasan tuƙin jirgi Microsoft Flight Simulator na 2020. Wasan yana da saitunan gyara gefen hoto, FXAA da TAA. In na sa FXAA, gefen fiffike da layukan titin sauka sai su fito kamar haƙoran zarto, shinge da wayoyi suna ta rawa daga nesa. In na koma TAA rawar ta lafa, amma rubutun na'urorin gabana ya yi dishi-dishi, musamman in na juya kallo. Na tara jika 200. Wani ya ce in sayi katin RTX 3060 na hannu saboda DLSS (fasahar gyara hoto ta katunan RTX), wani ya ce allo 1440p. Ba zan iya biyun ba. Wanne?

Matuƙi227: Wa alaikumus salam. Ka koma wasan X-Plane 12 kawai, can ne jirgi yake tashi kamar jirgi.

ƊanBagalam: Yaya, ba yadda jirgi yake tashi na tambaya ba, hoto na tambaya.

AlhajinZariya: Ƙanena, duk abin da za ka yi, ka guji katin hannu. Ni ya ci. Bara wani mai shago ya kawo mini RTX daga ƙetaren iyaka, cikin kwalinsa, ya rantse wata uku kawai aka yi da shi. Makon farko lafiya lau, na tashi daga Maradi na sauka Yamai, hoto tas. Da zafi ya shigo sai ɗigo-ɗigo kore suka fara fitowa a gajimare, daga nan allo ya riƙa baƙi ana tsakiyar sauka. Mai gyara ya buɗe, ya tarar man da ke kan kwakwalwar katin ya bushe ƙamas, fanka ɗaya da ƙyar take juyawa. Ya ce wannan kati dare da rana aka yi ta haƙar kirifto da shi. Na mayar wa mai shagon, ya ce ƙurar gidana ce ta kashe shi. Har dattawan layin suka shiga maganar, rabin kuɗin ma bai dawo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na sayar da tsohon GTX 1060 ɗina mai 6 GB, wanda bai taɓa ba ni matsala ba.

Habu_Mokoyo: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Nawa ka saye shi?

AlhajinZariya: Jika 170.

Habu_Mokoyo: Kai! Ai ni an yi mini tayin 3060 a jika 130 kwanan nan.

Matuƙi227: Wannan mai 8 GB ne ko ɗan haƙa ne. Mai 12 GB mai lafiya ba ka samunsa a wannan kuɗin a Yamai.

Habu_Mokoyo: A Kano ya fi sauƙi in canjin naira ya yi maka daɗi.

AlhajinZariya: In ya mutu kuma ka bi shi Kano? Haka ni ma aka ce mini ya fi sauƙi.

MaiGyara_AliƊanSofo: Ku bari a amsa wa yaron tambayarsa. DLSS ba zai ba ka abin da kake nema ba a allo 1080p. Yadda yake aiki, yana zana hoton a ƙarami sannan ya faɗaɗa shi. A matakin Quality, 1080p ɗinka daga 720p ake gina shi. Ƙasa da gajimare za su yi kyau, amma lambobin sauri da tsayi a G1000 suna canzawa kullum, sai ka ga suna jan inuwa. TAA ma daga hotunan da suka wuce yake haɗa na yanzu, shi ya sa yake kashe rawar amma ya tausasa rubutu. FXAA kuwa shafe gefe kawai yake yi bayan an gama zane, bai san waya ba bai san shinge ba.

Allo 1440p kuma ɗigonsa ya haura miliyan 3.6, na 1080p bai wuce miliyan 2.1 ba. Katin da yake nishi da wannan, ina zai kai wancan?

Kafin ka taɓa kuɗinka: bar shi a TAA, ɗaga Render Scaling (girman hoton da katin ke zanawa) zuwa 110 ko 120, rage gajimare da Terrain Level of Detail don FPS (yawan hotuna a daƙiƙa) kada ya faɗi, sa Anisotropic Filtering a 16x saboda layukan titin sauka, ka ɗan ƙara FidelityFX Sharpening. Kada ka kai Render Scaling 200, wannan ninki huɗu ne na aikin katin.

Matuƙi227: Malam, kai gyara kake yi, ba tuƙi ba. Mu da muke tashi kullum muka san abin da ido yake gani. Abokina yana da 3060, DLSS a kunne, ba ya kuka.

MaiGyara_AliƊanSofo: Wane allo gare shi? In 4K ne ko 1440p, magana ta canza. Kuma kai da ka ce X-Plane kake tuƙawa, yaushe ka gwada DLSS?

Habu_Mokoyo: Matuƙi ai ko layin titin ya miƙe ko ya karkace, shi a gonar gero yake sauka 😂

Matuƙi227: Iskar gefe ce ranar, kuma kai ma ka gani.

Hajiya_Pilot: Ni dai na bi irin shawarar Malam a GTX 1660, na sa 120, rubutun ya fito sosai. Amma ƊanBagalam, ka tabbata duk dishin daga katin ne? Wasan nan daga intanet yake jawo hotunan ƙasa na Bing. In layi ya yi rauni, ƙasar sai ta zama tabo-tabo, babu TAA ɗin da zai gyara wannan. Ka kunna Rolling Cache (ma'ajiyar hotunan ƙasa a kwamfutarka), ka yi ta zagaya DRRM, wato filin jirgin Maradi, har ya ajiye yankin.

AlhajinZariya: Yauwa Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Saukar da wasan kaɗai ya haura 100 GB. Ka sayi forfe na wata, sabuntawa guda ta zo ta cinye shi a dare ɗaya. Na 2024 kuma an ce ya fi dogara da intanet, shi ya sa ban ma kalle shi ba.

Habu_Mokoyo: Ni ba forfe ba ne damuwata, kuran ne. Shekaranjiya saura kaɗan sabuntawa ta kammala aka ɗauke, da ya dawo kwamfutar ta ƙi tashi sai da na cire batirin allon uwa (motherboard) na mayar.

MaiGyara_AliƊanSofo: Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini da zafi, akwatin wutarsu ne ya ƙone saboda hawa da saukar kuran. Wanda zai sa 3060 a kan akwatin wuta mai arha ba tare da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke kuran) ba, kada ya zo yana ce mini katin ne.

ƊanBagalam: Na gode duka. Na sa 120, rubutun ya gyaru amma FPS ya sauka. To katin fa, in saya ko in bari?

AlhajinZariya: Malam, UPS ɗin da zai riƙe kwamfuta da allo ko minti goma ne, nawa yake yanzu a kasuwa? Nawa batirinsa ya kumbura.