Kayan sauti masu ɗan karen tsada: kunne na jin kuɗin kuwa?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum masana. Amfilifaya biyu, ƙarfinsu ɗaya a takarda, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau goma. Haka ma wayar sifika. Shin akwai bambancin da kunne ke kamawa, ko suna kawai ake saye? In kuɗin mutum ƙayyadadde ne, ina ya fi dacewa ya zuba shi?

Mai Haɗa Sauti:
Wa alaikumus salam. A sifika, malam. Amfilifayar kirki ta zamani, gurɓata sautin da take yi bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba, alhali sifika kan wuce kashi 1 in bas ya yi nauyi. Kada kuma yawan wat ya ruɗe ka, in ka ninka shi biyu desibel 3 kacal ka ƙara (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti). Sifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya, rabin ƙarfin da mai 87 ke ci ya ishe ta. Abin gudu shi ne a murɗa ƙaramar amfilifaya har ta ƙure. Nan take sautin ke dagulewa, kuma yawanci haka tuwita, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, ke ƙonewa.

Mai Gyaran Rediyo:
Batun waya dai a bar shi. Ta jan ƙarfe mai kaurin 2.5 mm², mita 3, turjiyar da take yi wa wuta zuwa da dawowa kusan om 0.04 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), a gaban sifika mai om 8. Me kunne zai tsinta a nan? A dai ɗaure bakinta tam, kada a juya ja da baƙi a sifika ɗaya, don bas zai zube.

Kunne Ya Girmi Kaka:
Ni ban ce tsada duk banza ba ce. Sifika mai om 4 tana zuƙar wuta, sai amfilifaya mai babbar taransifoma, in ba haka ba ta yi zafi ta kashe kanta. Akwatin sifikar da bai rawa shi ma ba ya araha.

Amma ɗaki ne sarki. Mai tsawon mita 5 yana kumbura bas a wajen 34 Hz da 68 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), kuma tsadar amfilifaya ko sifika ba za ta hana ba. Janye sifikun daga kusurwa, tazararsu da juna ta zo daidai da tazarar kowacce da kujerarka. Siririn soso a bango sautin sama kaɗai yake sha, bas sai abu mai kauri a kusurwoyi.

Kafin ka biya, ɗan'uwa, gwada. Saka sautin 1 kHz, auna wutar bakin sifika da mitar gwada wuta har amfilifayoyin biyu su daidaita, domin wadda ta ɗan fi ƙara kunne kan ce ta fi daɗi. Wani ya riƙa sauyawa ba ka gani, sau 10. In sau 5 ko 6 kawai ka canki wadda ke aiki, dace ne kurum, riƙe kuɗinka.