Tambaya kan hotunan siliki na Thomas Stevens

Daga Mabera: Assalamu alaikum. Na samu ƙaramin hoton keken doki da aka saƙa da zaren siliki, ɗauke da sunan Thomas Stevens. Mene ne asalinsa?

Daga Gawon Nama: Wa alaikumus salam, Malam. Masaƙi ne na birnin Kwabantiri a Ingila. Da yarjejeniyar ciniki ta 1860 tsakanin Birtaniya da Faransa ta buɗe wa silikin Faransa kasuwar Ingila, sana'ar saƙar siliki ta garin ta durƙushe, sai ya koma saƙa alamomin shafin littafi a 1862, sannan hotuna a 1879, da masaƙar Jacquard mai bin katuna masu huji.

Daga Runjin Sambo: Bama-baman Jamus sun rushe masana'antar Stevens a 1940, amma masu tara kayan tarihi suna neman hotunan har yau. Malam, ka ɓoye hotonka daga hasken ranar Sakkwato, kada launinsa ya koɗe.