Faɗa a Elite Dangerous ya gagare ni, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina, wata uku ke nan ina buga Elite Dangerous, wasan tuƙa jiragen sararin samaniya, a kwamfutar yayana. Fatauci na iya, faɗa ne ya gagare ni.

Jirgina Viper Mk III ne, da bindigogin lesa biyu don cinye garkuwa, da bindigogin multi-cannon biyu don huda jikin jirgi, duk masu bin abokin gaba da kansu. Na san a shuɗin yankin nan na ma'aunin gudu jirgi ya fi saurin juyawa, can nake ajiye shi. Amma ɗan ƙaramin jirgin Eagle sai ya maƙale a bayana kamar kaska. Kafin in waiwayo ya watsa chaff, abin ruɗa saitin bindiga, bindigogina su yi ta rawa suna harbin banza.

Ɗigon wuta shida ɗin nan da ake raba ƙarfin jirgi da su, su suka fi ruɗa ni. In na zuba huɗu a SYS, ɓangaren garkuwa, injin ya yi sanyi. In na mayar ENG, ɓangaren injin, garkuwa ta narke. Jiya sau uku aka tarwatsa jirgina na biya kuɗin inshora, kashi 5 cikin 100 na darajar jirgin, har Yaya ya ce in koma dakon kaya.

Yaushe kuke sauya ɗigon a tsakiyar faɗa? Kuma da linzamin kwamfuta kawai, zan iya koyon kashe Flight Assist, tsarin da ke taimaka wa tuƙin jirgi?