Muhawara: Tokar kwal za ta iya maye gurbin ɓuntun shinkafa a tukunyar tace ruwa?

Injiniya: Jama'a, ina nan a kan bakana. Tokar kwal irin na mahaƙar Maiganga da ke jihar Gombe cike take da silika da alumina, sinadaran da ke cikin yumɓu. A cuɗa ta da farar ƙasar Alkaleri, a danna a injin matsa, a gasa, an samu matata. Me ya kai mu neman ɓuntu?

Baba mai tukwane: Injiniya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Ɓuntun da aka cuɗa da yumɓu ƙonewa yake yi a wuta ya bar ƙananan kafofi, ta nan ruwa ke tsiyaya. Toka kuwa ta riga ta ci wuta, me ya rage ya ƙone?

Injiniya: Baba, ai ƙwayoyin tokar ba sa haɗewa baki ɗaya, akwai sarari tsakaninsu.

Baba mai tukwane: Akwai, sai dai kafin su kama juna sai wuta ta kai digiri 1000 a ma'aunin Selsiyos ko ta haura. Tukunyar ɓuntu a 850 zuwa 900 ta nuna. Wa zai biya kuɗin itacen? Kuma in wuta ta zarce, kafofin narkewa suke yi su toshe.

Malama: Ku bar batun wuta tukuna. Tokar kwal takan ɗauko sinadarai masu guba irin su arsenik da dalma da kuromiyom, kuma yawansu ya danganta da ramin da aka haƙo kwal ɗin. Gasa matatar ba ya ba da tabbacin sun ɗauru. Sai an kai ruwan da ya bi ta matatar ɗakin gwaji an auna. Don tace ruwan rini ko na wankin mota kafin a zubar, na yarda. Na sha kam, a'a.

Injiniya: To ɓuntun naku ba shi da aibi ke nan?

Baba mai tukwane: Yana da shi mana. In ba a niƙa an tankaɗe da rariya mai laushi ba, kafofin su yi faɗi, datti ya wuce. In aka gaggauta wuta tsakanin digiri 300 da 600, ɓuntun ba ya gama ci, ka fasa tukunya ka tarar da baƙin layi a tsakiyar bangonta. Wajen 573 yashin cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya, a nan ake samun tsagewa. Shi ya sa ake jiƙa kowace tukunya kwana guda, a cika ta a auna: lita 1 zuwa 3 a awa. Wadda ta wuce haka, a fasa ta.

Malama: Ko mai kyan ma tana da iyaka. Tana tare yawancin bakteriya da ƙwan tsutsar ciki, balle an shafa mata ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta, amma bairos yakan sulale. Fuloraid da ke rina haƙoran yara a yankin Kaltungo narkakke ne, wucewa zai yi abinsa.

Injiniya: Malama, na janye a kan ruwan sha. A kan ruwan masana'anta kuwa ban janye ba. Baba, tanderunka zai kai 1000?

Baba mai tukwane: In za ka sayi itacen.