PS4 ko kwamfuta ya fi dacewa da falona?

Baban Amira, Birnin Kebbi: Jama'a ku ba ni shawara. Yara sun matsa sai PS4, na'urar wasan bidiyo, don wasan ƙwallo, uwargida tana son kallon YouTube, ni kuma kuɗin abu ɗaya gare ni. Wutarmu ba ta daɗewa, ƙaramar sola muke lallaɓawa.

Ɗan Argungu: Alhaji, ɗauki laftof. Tana da batiri, PS4 kuwa da an ɗauke wuta ta mutu. Ka jona ta da talabijin da wayar HDMI. Ga JAMB ma da kwamfuta ake rubuta ta, gara hannun yaran ya saba.

Maman Sadik, Jega: Yaya, laftof mai arha ba ta jan wasannin ƙwallon yanzu, sai ta yi ta sarƙewa. PS4 tun 2013 ta fito, 'yar hannu ta yi sauƙi, kuma tana buɗe YouTube.

Baban Amira: Maganar JAMB ta kama ni, babban yana SS2. Laftof wacce iri zan nema?