Gem ɗina yana aiki a Windows, ta yaya zan kai shi waya da sauran na'urori?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa wani ɗan gem na tuƙin adaidaita sahu, za ka ɗauki fasinja daga Kofar Nassarawa ka kai su Sabon Gari ko Kantin Kwari kana kauce wa cunkoso, da Godot 4, manhajar haɗa gem, nake yi a laftof ɗina mai Windows, kod ɗin kuma da yarensa GDScript nake rubutawa. Yanzu dai na ci kusan rabin aiki, motar tana tafiya, fasinja suna hawa suna sauka. To damuwata ita ce duk abokan da na nuna wa tambayarsu ɗaya, yaushe zai zo waya? Wani kuma yana ta min maganar Linux da Mac har da iPhone. Shin in bari sai na gama komai tukunna in koma kan wannan, ko tun yanzu ya kamata in fara? Kuma da wanne zan fara, don ni ƙarfina kaɗan ne, ni kaɗai nake aikin. Na gode.

Injiniya_Rijiyar_Zaki:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka jira ka gama, yau ɗin nan ka fitar da shi zuwa Android ko da rabin gem ne, domin matsalolin da za su fito gara ka gan su yanzu da aikin bai yi nauyi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma Android za ka fara, ba sai an yi dogon tunani ba, shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka ga abin da mutane suke saya, Tecno ne da Infinix da itel, su ne masu buga gem ɗinka, mai laftof ɗin gem a Kano ai ƙalilan ne.

Abin da za ka tanada shi ne export templates, wato fayilolin da Godot ke fitar da gem da su, na daidai sigar Godot ɗin da kake amfani da ita, sai JDK 17 da Android SDK, kayan aikin haɗa manhajar Android, ka nuna wa editan Godot inda suke. A wayar kuma ka shiga saituna ka danna Build number sau 7 ya buɗe maka ɓangaren masu haɗa manhaja, ka kunna USB debugging, ka jona waya da kebul, za ka ga ɗan hoton Android ya bayyana a saman edita, dannawa ɗaya gem ya hau waya.

Amma babban abin da nake so ka duba shi ne renderer, wato ɓangaren Godot da ke zana hoton gem a allo. In da Forward+ ka buɗe aikin, wannan don kwamfuta mai ƙarfi aka yi shi, da fasahar zana hoto ta Vulkan yake aiki. Ƙananan wayoyi da yawa direban Vulkan ɗinsu ba shi da tabbas, wata ta nuna baƙin allo, wata gem ya rufe kansa. Ka koma Compatibility, shi OpenGL ES 3.0 yake amfani da shi kuma kusan kowace waya tana ɗaukarsa. Haske da inuwa za su canja kama, wasu kayan ƙawa ma za su ɓace gaba ɗaya, shi ya sa nake cewa yanzu, kar ka ɓata wata da watanni kana gyara hasken la'asar a kan titin Murtala sannan ka tarar wayar mutane ba ta iya nuna shi. Ka kuma kunna zaɓin ETC2 da ASTC a saitunan aikin, matsa hotuna na kwamfuta daban na waya daban. Wajen fitarwa ka zaɓi arm64-v8a (na wayoyi masu 64-bit) da armeabi-v7a (na masu 32-bit) duka biyu, don har yanzu akwai ƙananan wayoyi masu 32-bit a hannun mutane.

Gwaji kuma kar ka yi da wayar oga mai tsada. Nemi mafi rauni a gidanku, irin mai RAM 2GB ɗin nan, ka buga da rana tsaka cikin zafin bazara ka bar ta ta ɗau zafi, don waya in ta yi zafi rage gudu take da kanta, a nan za ka san gaskiyar gem ɗinka.

Maman_Kod:
Na yarda da Injiniya, bari in ƙara abin da ke kama mutane ba su sani ba. Sunan fayil. Windows ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami, in fayil sunansa Keke.png ka rubuta keke.png a kod za ta buɗe maka lafiya lau, amma da zarar ka fitar da gem ɗin, ko ka kai shi Linux ko Android, sai a ce babu fayil ɗin. Ka mayar da duk sunaye ƙananan baƙaƙe tun yanzu, ka yi canjin daga cikin edita don ya gyara hanyoyin da kansa. Sannan ajiyar ci gaban ɗan wasa a user:// ake yin ta, wato wurin ajiyar bayanan ɗan wasa, kar ka rubuta a res://, inda fayilolin gem ɗin kansa suke, don bayan fitarwa ba a rubutu a wurin, kuma kar ka kuskura ka sa hanya irin ta C: a kod.

Sai rubutun Hausa, wannan yana min ciwo sosai. In fon ɗin da ka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, a laftof ɗinka ƙila ba za ka lura ba saboda an aro daga fon ɗin na'urar, a wata wayar kuma sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Ka saka fon mai su a cikin gem ɗin kansa, Noto Sans yana da su kuma kyauta ne.

Maɓallai kuma ka bi ta Input Map na saitunan Godot, ka sa wa kowane aiki suna kamar "birki" da "hon", sai kibod da taɓa sikirin duk su kira abu ɗaya. Ka tuna babban yatsa yana rufe kusurwar allo, kar ka ajiye taswira a nan. Kuma in kira ya shigo ana tsakiyar wasa gem ya tsaya ya adana, don Android tana iya kashe shi a baya.

Abba_Linux:
Ni ban yarda a ce Linux a bar ta can baya ba. Da Godot ai ita ce mafi sauƙi, daga Windows ɗinka za ka fitar, ba lasisi ba kuɗi, ka gwada a Ubuntu, wani nau'in Linux, ta filasha. Kuma Steam Deck, na'urar buga gem ta hannu da ya fito a 2022, Linux ce a cikinsa. Gaskiya ne tun 2018 Valve, kamfanin da ya yi Steam Deck, ta kawo Proton wanda ke sa gem ɗin Windows ya yi aiki a Linux, to amma abin da ba zai ci maka yini ba me zai hana ka yi? In kana tunanin Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, nan gaba dala 100 ake biya kan kowane gem.

Injiniya_Rijiyar_Zaki:
Malam Abba fitarwar ba wuya, na yarda, ɗawainiyar da ke biyo baya ce abin dubawa, duk na'urar da ka ce gem yana aiki a kanta dole ka gwada ta duk lokacin da ka yi gyara, kuma yaron nan shi kaɗai ne. Ya fitar don gwaji, wannan zai ma taimaka masa kama matsalar sunan fayil, amma kar ya yi wa kowa alkawari.

Na Apple kuwa ka ajiye su tukunna. iPhone sai da Mac da manhajar Apple ta Xcode, ga dala 99 duk shekara kuɗin asusun masu haɗa manhaja. Mac ɗin ma in Apple ba ta tantance manhajarka ba gargaɗi za ta riƙa nuna wa mutane, kuma tantancewar da wannan asusun ake yi. Play Store dala 25 ce sau ɗaya, fayil irin AAB suke karɓa ba APK da ake saka wa waya kai tsaye ba tun 2021, sabon asusu na mutum ɗaya kuma sai ka tara masu gwaji 12 na kwana 14 kafin a bar ka ka saki. Kafin nan APK ya ishe ka, tura wa abokai ta Xender. Fayil ɗin keystore da kake sa wa manhajar hannu da shi don tabbatar da taka ce, ka ajiye kwafi a wuri biyu, har da kalmar sirrinsa.

Ɗan_Fagge:
Allah Ya saka da alheri Yaya Injiniya, Hajiya da Malam Abba na gode ƙwarai. Na duba, Forward+ ne kuwa. Zan mayar da shi Compatibility yau da daddare in an kawo wuta, wayar ƙanwata ce mafi ƙanƙanta a gida da ita zan gwada. Tambaya ɗaya ta rage, sitiyari ya fi kyau in yi shi da maɓallin hagu da dama a sikirin ne ko da karkata waya?

Maman_Kod:
Fara da maɓalli. Karkata waya ka sa shi zaɓi daga baya, da yawa a kwance suke buga gem ko a cikin mota, karkatarwar ba ta musu daɗi. Ka yi maɓallan manya, ka kuma tabbatar ana iya danna biyu lokaci ɗaya, birki da juyawa. In APK ya fito ka sa mana a nan, ina da tsohuwar waya a durowa zan gwada maka.